Inji ya kusa cire wa yaro hannu, an dakatar da shi: laifin wa ne?

MaiLantarki_Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so masana a cikinku su warware mini wata magana da ta tsaya mini a rai. A kamfanin casar shinkafar da nake aikin lantarki akwai wani dogon sukuru da ke juyawa a cikin kwararon ƙarfe, shi ke jan ɓuntu zuwa waje. In ɓuntun ya jiƙe yakan cushe. Ranar da abin ya faru ya cushe, ana cikin neman yadda za a yi sai aka ɗauke wuta. Wani yaro cikin leburori ya ga komai ya tsaya cak, sai ya ɗaga murfin ya zura hannu yana kwashe abin da ya toshe. Janaretanmu kuwa mai tashi da kansa ne. Kafin ka ce kwabo ya tashi, sukurun ya juya. Allah ya sa hannun rigarsa aka fara kamawa, ya fizge da ƙarfi, ya tsira da karaya a yatsu da tsagewar tafin hannu.

Washegari manaja ya tara mu ya ce sakaci ne. Aka dakatar da yaron ba albashi, aka raba mana sabbin safar hannu da hular kwano, aka manna takarda a bango cewa kada kowa ya sa hannu a inji. Shi ke nan, wai an rufe magana. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin da gaske laifin yaron ne shi kaɗai? Kuma abin da aka yi ya isa ya hana a sake?

Garba_Direba:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma gaskiya ɗan'uwa, wanda ya zura hannu a inji shi ya jawo wa kansa, ko ƙaramin yaro ya san wannan. Tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa.

Injiniya_Sharada:
Malam MaiLantarki, kafin mu je kan yaron, tambaya ɗaya gare ni. Moton da ke juya sukurun nan da me ake tayar da shi? In sitata ce mai kwantakta, mai maɓalli kore da ja, ai bai kamata ya tashi da kansa ba. Kwantakta da wuta take riƙe kanta, ana ɗauke wuta take saki, ko wutar ta dawo ba abin da zai motsa sai mutum ya zo ya danna koren. Saboda irin wannan rana aka yi ta haka. To naku me ya tayar da shi?

MaiLantarki_Kano:
Injiniya, kwantaktar ta ƙone tun kafin azumi. Lokacin ana cikin aikin wata babbar oda, sai ofis suka kira ɗan kwangila ya haɗa moton kai tsaye da giya-suwic, wato makunnin hannu da ke zama a kunne ko an ɗauke wuta, aka ce na wucin gadi ne. Na rubuta a littafin gyara cewa a sayo sabuwa, har yau takardar tana jiran sa hannu.

Injiniya_Sharada:
To ka gani. Ashe injin ya daɗe a ɗane, jiran wanda zai zo kawai yake yi. Da ba wannan yaron ba ne da wani ne.

Mu bi abin daki-daki. Me ya sa ɓuntun ke jiƙewa har ya cushe? Ko rufi ke yoyo, ko tururi ke shiga inda bai kamata ba, ba wanda ya tambaya. Me ya sa murfin ke ɗaguwa da hannu ɗaya, ba noti, ba ƙaramin makunnin da zai yanke wuta da zarar an ɗaga? Me ya sa babu makunni kusa da injin wanda mai gyara zai kashe ya sa masa kwaɗo? Me ya sa janareta ke tashi ba jiniyar gargaɗi? Sannan an taɓa koya wa leburan nan cewa ɗaukewar wuta ba kashe inji ba ce? Duk waɗannan an tsallake su, an kama na ƙarshe a layi, wanda ya fi kowa rauni.

A karatun kare haɗari akwai jeri da ake bi. Na farko, kawar da haɗarin gaba ɗaya, wato a hana cushewar. In bai yiwu ba a musanya da abin da ya fi sauƙin illa. In bai yiwu ba a gyara injin yadda ko mutum ya yi kuskure ba zai ji ciwo ba. Bayan nan ne doka da horo da takardar bango suke zuwa. Kayan sawa a jiki su ne can ƙarshe. Manajanku daga ƙasan jerin ya fara, kuma a nan ya tsaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma safar hannun ce. Kusa da abin da ke juyawa safar hannu ƙara haɗari take yi, don in ƙarfe ya kama ta ba ta yagewa da sauƙi, jan hannun take yi ciki.

Sufabaiza_Challawa:
Injiniya, maganarka a takarda daidai ce, amma ni mutane nake kula da su a filin aiki, na san halinsu. Mun taɓa sa irin makunnin murfin da kake faɗa. Ba a yi nisa ba na zo na tarar an ɗaure shi da robar tayar keke don inji ya ci gaba da aiki murfi a buɗe. Ragar da muka sa wa bel kuwa an cire ta an jingine a bango. Wa ya cire? Ba manaja ba ne. A kwas ɗin da aka tura mu an ce kashi 88 cikin 100 na haɗurran wurin aiki daga gangancin ma'aikaci suke. In ba a hukunta ɗaya ba, sauran ba za su shiga taitayinsu ba.

Hauwa_Kemikal:
Yallaɓai Sufabaiza, wannan kashi 88 ɗin daga wani Ba'amurke ne, Herbert Heinrich, a littafin da ya fitar a 1931. Ma'aikacin kamfanin inshora ne, kuma rahotannin da ya dogara da su galibi shugabannin ma'aikata ne suka cike su. Wane shugaba ne zai rubuta cewa injinsa ne ba shi da kariya? Ai dole ya ce ma'aikaci ne. Masana da yawa sun daɗe da daina kafa hujja da wannan adadi.

Maganar robar kuma, ni tambayar da zan yi ita ce me ya sa suka ɗaure. Mutum ba ya wahalar da kansa a banza. In injin yana cushewa sau da yawa a yini, kuma biyansu da yawan buhun da suka fitar ne, to duk tsayawa daga aljihunsu take fita. An sa su zaɓi tsakanin abincin gida da bin doka. Ka gyara cushewar, ka ga ko wani zai sake neman roba.

Sufabaiza_Challawa:
Biyan buhu kam haka ne, da shi ake biya. Amma ba ni na tsara shi ba, Malama.

Baba_Ritaya:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Na yi aiki a harkar mai har na ajiye, kuma babu wani horo da aka yi mana da ba a kawo labarin Piper Alpha ba. Dandamalin haƙar mai ne a Tekun Arewa, gabas da Sukotland. A daren 6 ga Yuli 1988 ya kama da wuta, mutum 167 suka rasu.

Ku ji yadda aka fara. Famfo biyu ne ke tura wani ruwan gas mai saurin kama wuta, ɗaya na aiki, ɗaya an tsayar don gyara. Da rana masu gyara suka cire bawul ɗin rage matsi na wanda aka tsayar, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe, ba su ɗaure shi tamau ba, da niyyar su ƙarasa gobe. Sun cike takardar izinin aiki cewa kada a tayar da famfon nan. Amma da aka yi canjin ma'aikata da yamma, ba a zauna an yi bayani baki da baki ba. Wajen ƙarfe goma saura na dare famfon da ke aiki ya tsaya. Masu aikin dare suka duba, suka ga takardar gyaran famfon, ba su ga ta bawul ɗin ba, don a wani wuri dabam aka ajiye ta. Suka tayar da shi. Gas ya fita ta wannan faifan, ya fashe.

Abin bai tsaya nan ba. Famfunan ruwan kashe gobara an mayar da su sai an kunna da hannu, saboda masu ninƙaya da ke aiki a ƙarƙashin ruwa, kuma wuta ta hana kowa isa wurinsu. Dandamalai biyu na kusa, Tartan da Claymore, suka ci gaba da turo mai da gas, don waɗanda ke wurin ba su ga suna da ikon tsayar da aiki ba sai an ba su umarni. Alƙalin da ya yi bincike, Lord Cullen, ya fitar da rahoto a 1990 da shawarwari 106. Bai ce a kama wanda ya danna maɓalli ba. Tsarin ya bi, tun daga takarda har ginin dandamalin.

Abin da nake so ɗana MaiLantarki ya ɗauka shi ne, mutanen daren nan ba mahaukata ba ne. Da abin da suka sani a lokacin, abin da suka yi daidai ne a ganinsu. Yaronku ma haka. Ya ga wuta ta tafi, ya ga inji a tsaye, ya ce bari ya taimaka kafin a dawo da ita.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa Baba, Allah ya ƙara girma. Mu nan Nijar, a ma'adinin da na yi aiki can arewa, in abu ya faru akwai abin da ake kira bishiyar dalilai, hanya ce da Faransawa suka tsara. Ana zama da wanda abin ya shafa in yana iya magana, da abokan aikinshi, da shef. Ana fara rubuta raunin, sai a yi ta komawa baya: mi ya faru kafin wannan, shi kaɗai ya isa ko sai da wani abu ya haɗu da shi? Sharaɗin shi ne abin da ya faru kawai ake rubutawa, ba a rubuta ra'ayi. Ba a yarda ka ce "ya yi sakaci" ba, sai dai ka ce "ya sa hannu alhali kuran (wutar lantarki) na iya dawowa". Daga nan dole a tambayi mi ya sa kuran ke iya dawowa.

Kuma kowane mai gyara da kwaɗonshi, da sunanshi a jiki, mabuɗi ɗaya tak, yana aljihunshi. In mutum huɗu za su shiga inji, kwaɗo huɗu za a gani a makunnin. Ko darakta ba ya cire na wani. Bayan an kulle kuma sai an danna maɓallin tayarwa an tabbatar bai tashi ba kafin a sa hannu.

Injiniya_Sharada:
Wannan gwajin na ƙarshe da Ɗan Damagaram ya faɗa, mutane da yawa suna tsallake shi, kuma yana da muhimmanci ƙwarai a masana'antunmu, inda za ka tarar an rubuta suna a bireka amma wayar wani injin take ciyarwa.

Almajirin_Ilimi:
Ina so in koma kan maganar Malam Garba ta tsautsayi, don ina jin ta a bakin mutane da yawa, har da masu kamfani. Mun yi imani da ƙaddara, babu ja. Amma imani da ita bai taɓa sauke wa mutum nauyin riƙo da sababi ba. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar kuma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, da aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ran ma'aikaci amana ce a hannun wanda ya ɗauke shi aiki. Wanda aka kai wa takarda cewa abu ya lalace ya ajiye ta a durowa, ba shi da bakin cewa tsautsayi ne.

Garba_Direba:
Malam, ban musa ba. Amma shi ma yaron ai raƙuminsa bai ɗaure ba. Ni babbar mota nake ja, in zan shiga ƙarƙashinta sai na sa waigi a taya na zare makulli na sa a aljihu. Ba wanda ya manna mini takarda.

Ummu_Sadiq:
Malam Garba, kai ka yi yaron mota, maigidanka ya koya maka, wataƙila ma ka ga abin da ya sami wani. Lebura da aka ɗauko daga bakin get da safe wa ya koya masa? Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina ganin irinsu a ɗakin taimakon gaggawa. Yawanci sababbi ne, ba su daɗe da fara aikin ba. In ka tambaye su ko an nuna musu inda ake kashe injin sai su yi shiru.

MaiWalda_KofarRuwa:
Duk na karanta, na ƙaru. Amma ku manyan kamfani kuke ta magana. Mu a garejinmu ba injiniya, ba littafin gyara, daga ni sai yarana. Abin da ya fi kashe masu sana'armu shi ne waldar tankin mai da duro. Mai mota zai zo ya rantse maka babu ko ɗigo a ciki. To wanda babu komai ɗin shi ne mugun, don tururin fetur ne ya cika shi ya gauraya da iska, tartsatsi ɗaya yake jira. Na ga duron da aka sa wa wuta don a yanke shi, gindinsa ya fita ya huda kwanon rumfar maƙwabci. Ni ƙa'idata, tanki sai an sauke shi, an wanke da ruwan zafi da omo, an buɗe duk bakinsa, an cika shi da ruwa har kusa da inda zan taɓa. In mai shi yana sauri ya kai wani wuri. Tambayata, wannan nazarin haɗarin da kuke faɗa akwai wanda ya dace da irinmu?

Hauwa_Kemikal:
Malam MaiWalda, ai abin da ka bayyana shi ne nazarin. Ka gano abin da zai iya faruwa, ka san dalilinsa, ka sa matakin da ba ka tsallakewa ko an matsa maka. Bambancin kawai a manyan wurare ana yin sa a rubuce kuma a ƙungiyance.

Akwai hanyar da ake kira Hazop, kamfanin sinadarai na ICI a Ingila ya fara ta a shekarun 1960, injiniya Trevor Kletz kuma ya yi ƙoƙari sosai wajen yaɗa ta. Ana shimfiɗa zanen masana'anta, a ɗauki bututu ɗaya ko tanki ɗaya, a yi ta jefa masa gajerun kalmomi: babu, ya yi yawa, ya yi kaɗan, ya koma baya, wani abu dabam ya shiga. A ɗauki tukunyar tururin da ake turara shinkafa da ita. In babu ruwa fa? Bututun ciki za su yi ja, in aka zuba ruwan sanyi a lokacin tana iya fashewa. Me zai sa ruwa ya yanke? Famfo ya tsaya, ko tanki ya ƙare, ko gilashin duba ruwa ya toshe yana nuna ƙarya. Me muke da shi da zai sanar da mu? In matsi ya yi yawa fa, yaushe rabon da a gwada bawul ɗin da ke saki? Haka za a bi har a gama. Kuma zaman ba ya yin kyau sai da mai aikin injin a ciki, don shi ya san abin da zane bai nuna ba. Da an yi wa sukurun MaiLantarki irin wannan zama, "in wuta ta tafi ta dawo fa?" tana cikin tambayoyin farko, a ƙasar da ake ɗauke wuta kullum.

Tunda maganar casa ake yi, a kula da ƙura. A Fabrairun 2008 matatar sukari ta Imperial Sugar a jihar Jojiya ta Amurka ta fashe, mutum 14 suka mutu. Sukari ne fa, ba fetur ba. An rufe wani bel ɗin ɗaukar sukari da faranti na ƙarfe don kada datti ya shiga, niyya mai kyau, amma rufin ya sa ƙurar ta taru a ciki ta yi kauri. Masu bincike sun fi zargin boris, wato zoben da ƙarfen inji ke juyawa a cikinsa, da ya yi zafi ne ya kunna ta. Fashewar farko ta girgizo ƙurar da ta kwanta a saman ƙarafa da rufi, ita kuma ta biyo da wadda ta fi muni. Ƙurar hatsi da ta fulawa ma haka suke yi.

Ummu_Sadiq:
Bari in ƙara da ramuka, don shi ne ya fi ci mini rai. Sokawe, rijiya, ramin ruwan dattin majema, tankin ƙasa. Mutum ɗaya zai shiga ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto ya faɗi, na uku ya bi. Gawa uku a rami ɗaya. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iskar shaƙa nauyi, a ƙasa take kwanciya, kuma in ta yi yawa tana kashe jin warin, mutum ya zaci ta tafi. Masu haƙar rijiya suna zura fitila su ga ko za ta mutu, wannan yana nuna ƙarancin iska, amma a sokawe kada a gwada, gas ɗin ciki yana kamawa. In wani ya faɗi a rami, don Allah kada a bi shi haka nan. Igiya a ƙugu tun kafin ya shiga, da mutum a sama da zai jawo shi.

Barista_Zariya:
Na ga ba a taɓo doka ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya killace sassan inji masu haɗari, kuma akwai sufetoci a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da aikinsu ke nan, sai dai tarar da ke ciki ta zamanin da naira ke da nauyi ce. Wadda ta fi shafar yaron nan ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da shi, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo, ko da baki aka ɗauke shi. Ma'aikaci ko danginsa su sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7 da faruwar abin. Tsarin kuma ba ya jiran sai an tabbatar laifin kamfani ne kafin a biya. Malam MaiLantarki, ka gaya wa iyayen yaron su sanar a rubuce, su riƙe kwafi, da katin asibiti da duk rasit.

Sufabaiza_Challawa:
Zan faɗi wani abu da bai yi wa masu takarda daɗi ba. Baba ya kawo takardar izinin aiki, Malama Hauwa ta kawo zama da rubutu. Na ga wurin da ake da duka, fayil-fayil a kabad, amma a ofis ake sa hannu a takardar izini, mai sa hannun bai taka ƙafa ya ga injin ba. Wani lokaci ma bayan an gama aikin ake cikewa don masu duba littafi. Ga allo a bakin get an rubuta kwana kaza ba haɗari, ma'aikata kuma suna ɓoye ciwo don kada a ce su suka ɓata lissafi aka hana kowa kyautar ƙarshen shekara. Irin wannan gara babu, don yana sa kowa ya saki jiki.

Hauwa_Kemikal:
A nan kam muna tare, Yallaɓai. Allon nan yankewar yatsa da zamewa yake ƙirgawa, ba ya cewa komai game da bawul ɗin da ya daina aiki. Ranar 20 ga Afrilu 2010 da dandamalin Deepwater Horizon ya fashe a Tekun Meksiko, mutum 11 suka mutu, manyan jami'ai suna kai a ranar, cikin abin da ya kawo su har da yaba wa ma'aikata kan shekara bakwai ba raunin da ya hana wani zuwa aiki. Kafin nan, a 2005, fashewar matatar mai ta kamfanin BP da ke Texas City a Amurka ta kashe mutum 15, kuma binciken da aka yi ya nuna sun dogara da ƙarancin ƙananan raunuka suna ganin komai lafiya.

Baba_Ritaya:
Ɗana Sufabaiza, takarda ba ta ɗaure noti, gaskiyarka. A wurinmu mai bayar da izini sai ya je da ƙafarsa, shi da mai karɓa, su ga kwaɗon da idonsu. In aka daina zuwa, saura tawada kawai.

Injiniya_Sharada:
Ina so in dawo da mu kan giya-suwic ɗin nan, don kalmar "wucin gadi" ta binne mutane da yawa. A Flixborough ta Ingila, 1974, ɗaya daga cikin manyan tukwanen sinadari shida ya tsage. Aka cire shi, aka haɗa na huɗu da na shida da wani lanƙwasasshen bututu mai faɗin inci 20 don kada aiki ya tsaya. Da alli aka zana shi a daɓen wurin gyara, ba a yi cikakken lissafin ƙarfinsa ba, kuma a lokacin babu ƙwararren injiniyan kanikanci a masana'antar. Ya yi aiki kusan wata biyu. Ranar 1 ga Yuni ya ɓalle, mutum 28 suka mutu, kuma don ranar Asabar ce ofisoshi ba kowa, da abin ya fi haka. Daga irin wannan ne aka koyi cewa duk canjin da za a yi wa inji, komai ƙanƙantarsa, sai wani ya zauna ya tambayi wace kariya ce za ta tafi tare da abin da aka cire.

Wani masani ɗan Ingila, James Reason, ya bayyana yadda kariya take. Ku ɗauka zana ce aka jera bayan zana, kowace da 'yar ɓularta. Muddin ɓulolin ba su daidaita ba, ba a hango cikin gida. A kamfaninku kwantakta ɓula ce, murfi ɓula, rashin kwaɗo ɓula, rashin horo ɓula, ranar nan suka zo saiti ɗaya.

Garba_Direba:
Na ji duka, kuma na yarda kamfani na da nasa kason, babba ma. Amma ni har yanzu ban ga yadda za a ce yaron ba shi da ko kaɗan ba.

Dan_Damagaram:
Malam Garba, ko yana da shi, yatsunshi sun riga sun biya. Dakatarwar illarta a gaba take: duk wanda ya tsallake rijiya da baya a wurin nan ba zai sake faɗa ba, ya ga abin da aka yi wa wanda ya ji ciwo.

Sufabaiza_Challawa:
Ni inda nake raba abin shi ne, wanda aka koya masa, aka ba shi kwaɗo, aka gyara masa inji, sannan ya ɗaure makunni da roba da gangan, wannan zan hukunta shi, ko Malama Hauwa ta ce me. Wanda ba a koya masa komai ba kuwa, ban ga abin da za a kama shi da shi ba. MaiLantarki, yaron naku a wane ɓangare yake?

MaiLantarki_Kano:
Yallaɓai, ɗan kwasar buhu ne, ba a taɓa zama da su kan inji ba. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Yau na sami manaja da farashin kwantakta da na makunni mai ɗaukar kwaɗo, na nuna masa duka biyun ba su kai kuɗin safar hannu da hulunan da aka raba ba. Ya ce kwantaktar za a saya cikin satin nan. Maganar dawo da yaron kuwa ya ce ba a hannunsa take ba, sai mai kamfani ya dawo daga tafiya. Barista, na isar da saƙonka ga yayansa.

Injiniya_Sharada:
Kafin a sayo, ka cire fis ɗin layin sukurun duk lokacin da za a buɗe murfin, ka riƙe a hannunka. Sannan ka zaga da takarda ka duba moton kowane inji ɗaya bayan ɗaya. Ɗan kwangilar nan sau nawa aka kira shi a bana? Ina shakkar a ce wannan kaɗai ya haɗa kai tsaye.

MaiLantarki_Kano:
Akwai na injin ɗaga shinkafa zuwa rumbu, shi ma ina zarginsa. Gobe da safe zan buɗe akwatin wutarsa in duba.

Ummu_Sadiq:
A duba masa jijiyoyin yatsun da kyau, kada a tsaya a ɗori kawai. In ba ya jin taɓi a kan yatsa ko ba ya iya lanƙwasa shi, a kai shi asibitin ƙashi na Dala da wuri, irin wannan ba ya son jinkiri.